Ra'ayi: Don Allah A Bar Alobera Ta Ji Ƙishi



Duk wanda ya zaga ɗakunan kwananmu, musamman ɓangaren mata, zai yi ta cin karo da abu ɗaya: gwangwanin madara ko tsohuwar robar fenti a bakin taga ko a gindin famfo, an dasa alobera a ciki. Wasu don gyaran fata da gashi suka ajiye ta, wasu don ƙuna da ƙuraje, wasu kuma don ido ya riƙa ganin ɗan kore a ɗakin da babu komai sai katifa da risho. Da yawa daga cikin shuke-shuken nan ba su da lafiya. Ganye ya yi laushi ya kwanta, gindi ya yi baƙi, in ka kai hanci ka ji wari irin na albasar da ta ruɓe a buhu. Ka tambayi mai ita, sai ta ce maka, "Wallahi kullum nika ba ta ruwa, safe da marece, ban san mi ya same ta ba." To ai amsar tana cikin maganar.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, da wuya ka samu aloberar da ƙishi ya kashe a makarantar nan. Ruwa ke kashe ta, kuma mai sonta ne ke zuba ruwan da hannunsa. Ina ganin abin kunya ne a ce mu da ake koya wa kimiyya da fasaha, wasunmu ma a sashen noma, mun kasa riƙe shukar da babban abin da take nema shi ne a ƙyale ta.

Ga hujja ta farko, kowa kuma zai iya lura da ita. A tafi dogon hutu, ko a tafi SIWES wata huɗu, ko a shiga yajin aiki a rufe ɗakuna. In aka dawo sai a same ta ta rame, ganyenta ya yi siriri ya ɗan yi ja, amma tana nan da ranta. Sai tausayi ya kama mai ita, ta ce bari in rama mata kwanakin da ta yi babu ruwa. Yau kofi ɗaya, gobe kofi biyu. Kafin a yi tes na farko gindi ya narke. Shukar da ta jure wata huɗu babu kowa, ta kasa jure mako uku na kulawa.

Dalilin yana cikin halittarta. Alobera 'yar busasshiyar ƙasa ce, kuma masana sun fi karkata ga cewa daga yankin Larabawa ta fito ta bazu a duniya. Tana da 'yar uwa a dajinmu, wato zabuwa, wadda wasu ke kira kabar giwa, mai ɗigo-ɗigon fari a ganye kamar jikin zabo. Kaurin ganyen nan da kuke gani randa ce, domin yauƙin da ke ciki fiye da kashi 98 cikin 100 ruwa ne. Sannan Allah ya ba ta wata dabara. Gero da dawa da yawancin tsirrai suna buɗe ƙananan ƙofofin ganyensu da rana don shaƙar iska, ruwa kuma yana fita ta nan, shi ya sa suke yaushi da azahar. Ita alobera rufe nata take yi da rana. Sai dare ya yi sanyi take buɗewa ta ɗebi iskar da take bukata ta adana, gari ya waye ta haɗa abincinta ƙofa a rufe. Abarba ma haka take yi. Ke nan ruwan da take asara kaɗan ne, kuma wanda ka zuba mata jiya yana nan kwance a cikin gwangwani, bai je ko'ina ba.

Saiwa kuwa numfashi take yi kamar kowane mai rai. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan sarari da iska ke zama. In ruwa ya cika su ya daɗe, saiwa ta shaƙe, ƙananan jijiyoyi su fara mutuwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A cikin ƙasa akwai ƙwayoyin cuta masu kama da fumfuna, irin su Pythium da Phytophthora da Fusarium, waɗanda 'yan sashen noma ke haddacewa don jarabawa. Danshi da ɗumi suke so, biyun farko ma har iyo 'ya'yansu ke yi a cikin ruwan da ya kwanta, daga wannan saiwa zuwa waccan. Su ne ke mayar da gindi kamar kunu.

A nan tarkon yake. Saiwar da ta ruɓe ba ta iya jan ruwa, don haka ganye sai ya yi yaushi kamar na shukar da ke jin ƙishi, alhali gindinta a cikin taɓo yake. Mai ita ya gani ya ƙara ruwa, ruɓa ta ƙaru, ganye ya ƙara kwanciya, ya sake ƙara ruwa. Amma bambancin a fili yake ga mai sa hannu. Mai ƙishi ganyenta na yin siriri, ya lanƙwashe ciki kamar cokali, bakinsa ya bushe, amma gindi na nan daram. Mai ruɓa ganyen ƙasa ne ke fara yin rawaya ko ruwan ƙasa, ya yi taushi kamar dafaffiyar kuɓewa, in ka ja shi ya biyo hannunka. In ka girgiza shukar sai ta yi rawa kamar haƙorin da zai fita. Ga kuma wari. Wanda ya ga waɗannan alamu ya ajiye kofin ruwa.

Ban ga laifinmu sosai ba a kan yadda tunaninmu ya ginu. Mu 'ya'yan manoma ne, a ƙasar da fari ya fi komai ban tsoro, inda ake fita roƙon ruwa in damina ta yi jinkiri. Tun muna yara abin da muka sani shi ne shuka in ta yi yaushi ruwa take so. Sai dai iyayen namu sun san fiye da haka, mu ne muka ɗauki rabin karatun. Me ya sa manomi a Anka ko Bukkuyum yake wahalar yin kunya kafin ya shuka gyaɗa? Ɗaya daga cikin dalilan shi ne kada saiwa ta kwana a cikin ruwa. Me ya sa ake shinkafa a fadamun Gulbin Zamfara, a kai gero jigawa? Kowace shuka da ƙasarta. Mai lambun albasa ya san ranar da zai ɗauke ruwa kafin cira, in ba haka ba kaya su ruɓe kafin su kai kasuwa. Mai shingen aguwa yana sara reshe ya kafa shi a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwa ya sauka, kuma ya kama. Mutanen Gummi kuwa ba sai an yi musu bayanin ɓarnar ruwa ba, sun ga ambaliyar watan Agustan 2024 da ta rushe gidaje ta bar dubban mutane babu matsuguni. Ruwa rahama ne, amma in ya rasa hanyar fita ya zama wani abu daban, a gari ko a gwangwani.

Abu uku na ga suna taruwa su kashe alobera a ɗakunanmu. Na farko mazubi. Gwangwani da roba ba su da huda a ƙasa, kuma jikinsu ba ya tsotse danshi. Wasu na zuba tsakuwa a ƙasan robar wai ruwa ya sauka can. Wannan ba ya hana komai, domin ruwan na nan a ciki, ƙasar da ke sama kuma tana riƙe nata. A huda mazubi da ƙusa wuri huɗu ko biyar, a ɗora ɗan tsingaro a kan hudar don kada ƙasa ta zube. Wanda ya samu tukunyar ƙasa ya huda gindinta ya fi kowa dacewa, saboda yadda randa ke gumi ta sanyaya ruwa, haka tukunya ke fitar da danshi ta jikinta.

Na biyu wurin ajiya. Na ga mutane da kyakkyawar niyya suna ajiye shukar a inda suke alwala, wai kada ruwa ya tafi a banza. Ku lissafa: sau biyar a rana, kwana bakwai a mako, ban-ruwa 35 ke nan ga shukar da ko sau ɗaya a mako kan yi mata yawa. Ruwan alwala a kai wa zogale ko gwanda, za su gode. Wasu kuma ruwan wanki da na wanke-wanke suke juye mata, ga sabulu ga maiƙo, gishirin sabulun ya taru a ƙasa ya ƙone saiwa. Da damina sai a bar ta a ƙarƙashin indararo, marka ta sauka a kanta kwana da kwanaki. Wanda ya tsallake waɗannan sai ya ɓoye ta a lungun ɗaki mai duhu, inda ƙasa ba ta bushewa. Abin da take so shi ne hantsi, da inuwa mai haske in rana ta take, da iska.

Na uku ƙasa. Baƙar lakar fadama tana da kyau ga shinkafa, amma a cikin gwangwani tana riƙe ruwa kamar soso, in ta bushe kuma ta daskare kamar bulo. Abin da ya dace shi ne yashin gulbi mai tsakuwa kashi biyu, ƙasar jigawa kashi ɗaya, ɗan tsohon taki da ya gama ruɓewa, da ɓarɓashin gawayi. In ka jiƙa haɗin ka dunƙula a hannu ka saki, ya kamata ya wargaje.

A nan ina da jan kunne na musamman ga 'yan uwana na Anka da Bukkuyum, kuma wannan ya fi maganar fure girma. Kada wanda ya ɗebo yashi ko ƙasa daga wurin da ake niƙa dutsen zinariya ko wanke shi, ko daga gidan da aka taɓa wannan aiki. Garin dutsen nan yana kama da yashi mai kyau, ido ba ya bambantawa. Ba mu manta 2010 ba, shekarar da gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Sunke a Anka, da Yargalma da Tungar Guru a Bukkuyum, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo ta buɗe wuraren jinya. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka kwashe aka zuba sabuwa, Bagega ma sai a 2013 aka yi mata wannan aiki. Dalma ba ta ruɓewa, ba ta da wari, rana ba ta kashe ta. In ka kawo irin wannan ƙasa ɗaki, ƙurarta ce za ta hau tabarma da kwanon abinci da hannun da kake shafa yauƙin a fuska. In hutu ya zo ka kai tukunyar gida, ƙanenka mai rarrafe ne zai fara sa hannu a ciki. A ɗebi yashi daga wurin da aka sani.

To wadda ta riga ta kamu fa? Ba a yi mata addu'a daga nesa, ciro ta ake yi. A juye mazubin, a karkaɗe ƙasar duka a zubar, kada a sake amfani da ita. Saiwa mai lafiya tana da tauri, launinta fari-fari ko rawaya. Ruɓaɓɓiya baƙa ce, mai laushi, fatarta na saluɓewa. A samu sabuwar reza, ko wuƙar da aka gasa a wuta ta huce, a yanke duk abin da ya yi baƙi, da ganyen ƙasa da suka narke. In ruɓar ta hau gindi a ci gaba da yankawa har a ga nama mai tsabta babu ɗigon baƙi. Kada a ji tausayi a bar kaɗan, wannan kaɗan ɗin ne zai dawo. A barbaɗa garin gawayi a ciwon, a ajiye ta a inuwa mai iska kwana uku zuwa mako guda har wurin ya bushe ya yi ɓawo. Da damina a ƙara kwanaki. Sannan a dasa ta a busasshiyar sabuwar ƙasa, a tokare ta da 'yan duwatsu, a yi mako guda ba a ba ta ko ɗigo ba. Ko babu saiwa ko ɗaya, in dai zuciyar tana da lafiya, takan fito da sabuwa cikin wata guda ko fiye, ruwan ganyenta ne zai riƙe ta. In kuwa ruɓar ta kai tsakiya inda sabon ganye ke fitowa, uwar ta tafi. A ceci 'ya'yan da ke gefenta, a raba su da ita, a shanya su kwana biyu a dasa. Ganye shi kaɗai in aka soka a ƙasa yawanci ruɓewa yake yi, kada a ɓata lokaci.

Ban-ruwa kuma ba da kalanda ake yi ba. A samu tsinken tsintsiya a soka har ƙasan tukunya, a zare. In ya fito da danshi ko ƙasa ta manne masa, a jira. In ya fito fes, a zuba ruwa sosai a kan ƙasa, ba a tsakiyar ganye ba, har ya fito ta huda, sannan a zubar da wanda ya taru a faranti, don ko ba ruɓa, ruwan da ya kwana goma a faranti gidan sauro ne. A bisa kintace, da bazara mako guda zuwa kwana goma, da hunturu mako biyu ko uku, da damina kuwa sau da yawa ba ka da aiki sai na kare ta daga ruwan sama. Amma tsinke ne alƙali.

Na san akwai masu ja. Wani zai ce, "Haba, a zafin Afrilu da ma'aunin zafi ke haura 40, mutum ma shan ruwa yake kamar raƙumi, sai shuka?" Gaskiya ne da bazara ƙasa na saurin bushewa, musamman a ƙaramin gwangwani, shi ya sa na ce a yi gwajin tsinke. Sai dai a tuna zafi da danshi in sun haɗu su ne abincin ruɓa. Gwangwanin ƙarfe mai jiƙaƙƙiyar laka a tsakar rana tukunyar dahuwa ce. Maganin zafi inuwa ce. Kuma in an yi kuskure ta ɓangaren ƙishi, ban-ruwa ɗaya ko biyu ke gyarawa. In an yi ta ɓangaren ruwa, sai reza. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wata kuma za ta ce ai shayar da shuka lada ne. Ba na musu, wannan fagen malamai ne. Amma ina ganin alheri shi ne ka ba abu abin da zai amfane shi. Wanda ya ɗura wa jariri tuwo ba zai kafa hujja da cewa ciyarwa lada ce ba.

Mai ja na uku shi ne wanda na fi girmamawa. Zai ce, "Malam, muna fama da kuɗin makaranta, wasunmu hanyar gida ma sai da addu'a saboda 'yan bindiga, danginmu na gudun hijira a garin Anka, kai kana cika mujalla da zancen fure?" Ban raina wannan ba, kuma ban ce alobera ta kai waɗannan ba. Amma a duba abu biyu. Na ɗaya, ruwan nan da ake zubarwa a bokiti aka ɗauko shi, wani lokaci bayan dogon layi, wani lokaci da kuɗi a hannun mai ruwa. Shukar ma saye aka yi ko roƙo. Ɗalibar da aloberarta ta mutu komawa take yi ga man kanti mai tsada. Na biyu, wanda ya fi damuna, shi ne hali. Takardar diflomar da muke nema shaida ce cewa mun iya duba abu mu gano ciwonsa kafin mu sa hannu. Wanda ya ga ganye ya kwanta ya ɗauko ruwa bai taɓa ƙasa ba, shi ne gobe zai ga masara ta yi rawaya ya ninka taki, ko ya cika gonar noman rani a Bakolori da ruwa don ya ga yana gudu a kwata, ko ya ga yaro da zazzaɓi ya ninka ƙwaya. Gara mutum ya koyi wannan darasi a kan gwangwanin madara da ya koye shi a gonar mutane.

Tunda zancen amfani ya zo, ga wata tunatarwa. In ka yanki ganyen za ka ga wani ruwa rawaya mai ɗaci yana tsatsowa daga ƙarƙashin fata. Wannan daban yake da yauƙin ciki, kuma yana sa zawo mai ƙarfi. Tun a 2002 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi cikin magungunan wankin ciki da ake sayarwa ba da takardar likita ba. Masu juna biyu su nisance shi. Wadda za ta shafa a fata ta jingine ganyen ya tsiyaye tukuna, ta wanke, ta gwada kaɗan a hannu. Ganyen da ya fito daga ruɓaɓɓiyar shuka kuwa na bola ne, bai kamata ya taɓa fuska ko ciwo ba.

Ga roƙona ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai. A nemi ɗan fili a keɓe don shuke-shukenmu masu jure fari, zabuwa da moda da aguwa da kariya, a rubuta sunan kowace da Hausa da na kimiyya, da gargaɗin cewa ruwan kariya guba ne, na aguwa kuma a kiyaye shi da ido. Irin wannan lambu ba ya cin ruwan da ɗalibai ke layi a kansa, kuma zai rayu ko an rufe makaranta. A ware Asabar ɗaya kowane zango, 'yan sashen noma su zauna a gindin bishiya, duk mai shuka marar lafiya ya kawo a ciro ta a gabansa a nuna masa saiwar. A yi magana da mata masu ginin tukwane su yi mana ƙanana masu huda, su samu ciniki mu samu lafiyar shuka. Masu neman abin yi a darasin koyon sana'a kuma su sani uwa ɗaya mai lafiya tana fitar da 'ya'ya da yawa, kowane ɗa a tukunyarsa kayan sayarwa ne, jarinsa yashi da haƙuri.

Kafin shugabanni su motsa, kowa yana da ƙusa da tsinken tsintsiya. A huda gwangwani yau, a ɗauke shi daga wurin alwala, a soka tsinke kafin a ɗauko kofi. Allah ya ba mu sa'ar jarabawa, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara, ya mayar da kowa gida lafiya.